Ƙasa Ba Ta Aunuwa Daga Kan Kujera

Kaɗan ne daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal suka san cewa a Minna cibiyar awon ƙasar Nijeriya take. Tun zamanin Turawa ma'aikatan safiyo suka kafa wata alama a can, suka ba ta lamba L40, kuma daga gare ta aka ɗauki awon taswirorin ƙasar nan shekara da shekaru. Abin takaici shi ne, jihar da ke riƙe da wannan alama ita ce ke da dazuzzukan bakin iyaka waɗanda mahukunta ba su iya takawa sai da rakiyar soja.

Janar Murtala Muhammed ne ya ƙirƙiro Jihar Neja a cikin 1976, a shekarar kuma aka yanki wani sashe na ƙasarta aka haɗa cikin Birnin Tarayya. A cikin 1991 aka ƙaro mata Borgu daga Kwara, ta zama jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa, watau murabba'in kilomita fiye da 70,000. Tana iyaka da Zamfara da Kebbi da Kaduna da Kogi da Kwara da Abuja, har da Jamhuriyar Benin. An kafa Hukumar Kan Iyakoki ta Ƙasa tun 1987, amma ko a wajen Madalla, dab da Abuja, an sha jayayya kan inda Neja ta tsaya. In haka abin yake a bakin babbar hanya, ina ga ƙungurmin dajin Shiroro?

Wanda ya zauna Kudu ya ga abin da iyaka ke jawowa. A cikin 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76 da Kuros Riba ke iƙirari, bayan an miƙa Bakassi ga Kamaru. Layi guda a kan taswira ya raba jiha da arzikinta. Zinariyar Neja ma ma'adini ce, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne. Jihar da ba ta san inda ramukanta suke ba, da wace hujja za ta nemi rabonta?

Asarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. A cikin 2015 gubar dalma ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi, domin ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar kuwa tana shiga cikin yara. Shekara biyar kafin nan irin wannan masifa ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara, watau darasi ya riga ya zo, ba a ɗauka ba. A Yunin 2022 'yan bindiga suka afka wa mahaƙar Ajata Aboki, suka kashe jami'an tsaro, suka sace 'yan ƙasar Sin. A Yunin 2024 kuma rami ya rufta da mahaƙa da dama a Galkogo bayan ruwan sama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, ina masu ilmin da za su toshe tsagar? Tun 1983 akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, inda ake koyar da awon ƙasa da ilmin duwatsu. Yaron da ya tashi a Ketaren Gwari, wanda wansa ke dako a Apapa yana aiko masa kuɗin makaranta, bai kamata ya san zinariya a kan allo kawai ba. Tilas ne ya tsaya a bakin rami, ya ga yadda ake haƙa ba tare da tokari ba, ya ɗebi ƙasar tsakar gida ya auna dalmar da ke ciki, ya bi turakun iyaka da ƙafarsa. Gani ya kori ji.

Masu son zaman ofis za su ce daji ba ya shiguwa, kuma tauraron ɗan Adam ya wadatar. Gaskiya ne ba a kai 'ya'yan mutane inda ake harbi. Amma wannan hujja ce ta a kwato dajin, ba ta a sallama shi ba. Kafin nan, akwai mahaƙai da wuraren fasa dutse kusa da gari da za a fara da su. Tauraro kuwa ba ya kafa turke, ba ya zama da dagatai biyu ya ji inda gonakin kakanninsu suka tsaya.

Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Neja ta ware kuɗin awon iyaka a cikin kasafinta na kowace shekara, a kuma buga taswirar kowa ya gani. Wajibi ne a sa wa duk kamfanin da aka ba lasin sharaɗin karɓar ɗalibai. Ƙungiyoyin 'yan Arewa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun su ma su riƙa tuntuɓar wakilansu a kan wannan batu, domin ƙasar da ake sakaci da ita, can ne gidan da kowa zai koma.