Ƙarfe a Matacin Mai, Dalma a Jinin Yara

Ƙaramin jirgin sama mai injin fistin yana da wata ƙa'ida da makanikai ba sa wasa da ita. Kusan duk bayan awa 50 na tashi, idan an juye baƙin mai, ba a jefar da tsohon mataci haka nan. Sai an yanka gwangwaninsa, a warware takardar da ke ciki, a duba ta a wuri mai haske. Idan an ga ɓurɓushi mai ƙyalli sai a kawo maganaɗisu. Abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, kuma galibi daga kamshaf yake fitowa. Wanda ya ƙi mannewa, in fari ne mara nauyi, alminiyam ne daga wajen fistin. In ja ne, tagulla ce daga bushin. Ɗan kaɗan ba ya hana tashi, amma za a sake dubawa bayan 'yan awoyi. In ya yi yawa, jirgi ya zauna a ƙasa ke nan har a gano inda ake cin ƙarfen. Irin wannan aiki ne ake koya wa injiniyoyi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Abin lura shi ne, ana yin wannan bincike alhali inji yana aiki lafiya lau. Ba a jiran ya fara tari a sararin sama.

Jikin ɗan Adam ma yana da ruwan da ke zagaya kowane sashe, yana ɗauke da labarin abin da ya shige shi, wato jini. A yammacin Zamfara an ga abin da ke biyo baya idan ba a karanta wannan labari da wuri ba. A farkon 2010 agwagi suka riƙa ƙarewa a ƙauyuka, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke sa ido kan sanƙarau, suka tarar da yara suna amai da jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Sai da aka auna jini aka gane gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake daka wa a turmi, ake niƙawa da injin niƙan hatsi a cikin gidaje, cike yake da dalma. A Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum, binciken hukumar CDC ta Amurka ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar waɗanda suka rasu a jihar ta kai kimanin 400.

Yaro ya fi babba shiga haɗari, domin yana rarrafe a ƙasa yana kai hannu baki, hanjinsa kuma yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsewa. Jiki yana ɗaukar ta tamkar kalsiyam, ya ajiye ta a ƙashi shekara da shekaru. Tun kafin a ga jijjiga ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa.

Makaniken da ya ga ƙarfe a mataci ya tsaya ga juye mai kawai, ya yaudari matuƙi. Haka maganin DMSA, wanda ake bayarwa idan dalma ta kai mikrogram 45 a kowace desilita ta jini: yana fitar da guba, amma banza ne in yaro zai koma tsakar gidan da ya gurɓata. Shi ya sa yaran Bagega suka yi ta jira har 2013, lokacin da aka saki kuɗin kankare ƙasar garin, kafin a fara yi musu magani. Wannan jinkiri abin kunya ne.

MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022, haramcin haƙar ma'adinai da aka sa a 2019 kuma an ɗage shi a Disamba 2024. Talauci ba zai bar mutane su rabu da zinariya ba, ko da doka ko babu. Don haka ya wajaba awon dalma ya zama aikin yau da kullum a asibitocin Anka da Bukkuyum da Gummi, a haɗa shi da ranakun rigakafi da awon ciki. Ɗigon jini daga yatsa ya isa, na'urar kuma ana iya ɗaukar ta a jaka, tana ba da sakamako cikin mintoci. A rubuta sakamakon kowane yaro a katinsa, domin a ga ko yana hawa ko yana sauka. Wanda aka samu da mikrogram 5, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2021 don neman tushen guba, sai ma'aikacin lafiya ya bi shi gida ya duba turmi, da injin niƙa, da tufafin da mahaifinsa ke dawowa da su daga ramin haƙa.