Ciwon Sukari Ba Ya Jiran Furfura

Ya ku 'yan'uwa mazauna Agege da Sabo ta Badun da Fatakwal, yawancinmu mun ɗauka ciwon sukari na attajirai ne da tsofaffi. Wannan zato kuskure ne, kuma yana cin rayukan 'ya'yanmu da muka baro gida. Yaro ɗan shekara goma a Karewa ta Jimeta yana iya kamuwa da shi: ya riƙa rama, ƙishirwa ta hana shi sakat, fitsari ya hana shi barci, iyaye kuwa su ce zafin Yola ne ko sammu.

Abin da ya fi ba da tsoro shi ne ɓarnar da ido ba ya gani. Idan sukari ya daɗe da yawa cikin jini, yana lalata bangon jijiyoyin jini daga ciki. Sannu a hankali kitse ya taru a wurin, jijiya ta yi tauri, hanyar jini ta tsuke. Likitoci sun auna jijiyoyin wuyan samari masu wannan ciwo, sun iske bangon ya fara kauri tun yaran ba su ji ciwon komai ba. Ƙarshen abin shi ne ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko lalacewar ƙoda, a daidai shekarun da mutum ya ke ginin gidansa. Wani bincike da aka buga a 2018 kan mutanen Suwidin ya nuna wanda ciwon ya kama kafin shekara 10 yana asarar kimanin shekara 16 na rayuwarsa. To, in haka ta ke a ƙasar da magani ya wadata, ina ga tamu?

Amma fa akwai makawa. Tun 1922 aka fara yi wa mutane allurar insulin a Kanada. Daga 1983 zuwa 1993 an bi mutum 1,441 a Amurka da Kanada, aka ci gaba da lura da su bayan haka, sai a 2005 aka bayyana cewa waɗanda suka tsare sukarinsu sosai tun farko sun sami ragin kashi 42 cikin ɗari na cututtukan zuciya da jijiyoyi. Watau kulawar ƙuruciya ita ke biyan mutum a girma. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

A ganinmu, nauyin farko yana wuyanmu mu masu aika kuɗi gida. Muna aika na biki da na kwanon rufi, amma da wuya mu ware na magani. Wanda ke da ɗa ko ƙane mai wannan ciwo, ya yanke masa kuɗin insulin da na awon jini kowane wata, kafin komai. Ya sa a kai shi Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko asibitin koyarwa na Yola, a riƙa duba hawan jininsa da idonsa da ƙodarsa. Zafin bazara yana kashe ƙarfin insulin. Inda babu firji, a rufe kwalbar da kyau a ajiye ta jikin randa mai sanyi. A kuma raba yaron da taba, gama ita da sukari tare su ke cin jijiya.

Nauyi na biyu na Gwamnati ne. A dokar kuɗi ta 2021 an sa harajin Naira 10 kan kowace lita ta lemon kwalba. Adalci shi ne kuɗin da sukari ya kawo a rage wa yara tsadar insulin da shi, kada uba ya tsaya zaɓi tsakanin hatsi da allura.

Wanda ya karanta wannan, ya kira gida yau ya tambayi ranar da aka yi wa yaron awo na ƙarshe. Allah ya raya mana zuriya cikin lafiya, amin.