Ƙara Injuna Ba Shi Ne Magani Ba

Yau da ɓacin rai na zauna rubutu. A kamfanin da nake aiki nan Legas, manhajarmu na gudana ne a kan kwamfutoci masu yawa da ke miƙa wa juna aiki. Na ba da shawarar mu sa manhajar da za ta riƙa auna tafiyar kowace buƙata, tana haɗa lissafin da zai nuna inda tsarin zai shaƙe tun bai shaƙe ba. Oga ya ce, "Malam, bar wannan dogon turanci. In jama'a sun yi yawa, sai mu ƙara injuna." Ƙarshen wata ya zo, jama'a suka yo ca, komai ya durƙushe.

Wallahi wannan tunani ragwanci ne. Tun 1909 Erlang, mutumin Denmak, ya lissafa cunkoson kiran tarho, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Lissafin layi mafi sauƙi ya nuna cewa injin da ke aiki da rabin ƙarfinsa, buƙata kan ɗauki ninki 2 na lokacinta. In ya kai kashi 90 cikin 100, ninki 10. Kashi 99, ninki 100! Sannan idan duk injunan rumbun bayanai ɗaya suke jira, ƙara su tamkar ƙara masu ɗiba ne a rijiya mai guga ɗaya.

Kada ku ce matsalar ƙananan kamfanoni ce. Ran 1 ga Oktoba 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov, ya shaƙe, mutum 6 kacal suka iya rajista a ranar farko.

Wasu za su ce an sha yin irin lissafin nan bai amfana ba. Gaskiya ne, domin da hannu ake yi. Injiniya ya kwashe makonni yana zane, kafin ya gama an sauya manhajar sau biyar. Shi ya sa dole na'ura ta karɓi aikin, tana sabunta lissafin duk lokacin da aka sauya wani abu. Kayan aikin ma akwai. Google ta bayyana tsarinta na bin sawun buƙatu, Dapper, tun 2010, OpenTelemetry kuma kyauta ne.

Na yarda, na'ura abin da ta gani kawai ta sani. Mutum ne zai tambaye ta, "Idan jama'a suka ninka sau uku jajibirin Sallah fa?" Amma a ce ba za a auna ba sam, wannan tuƙi ne ido a rufe, da kuɗin mutane a bayan mota.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.