Cibiyoyin Koyar da Sana'a: Don Masu Sana'a Ko Don Masu Mulki?

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai tambayar da ya kamata mu yi wa mahukuntan ƙasar nan ba tare da kara ba. Waɗannan cibiyoyin koyar da sana'a da ake ta yanke ƙyalle ana buɗewa da kiɗa da algaita, don wa ake gina su?

Ba yau aka fara ba. A 1971 gwamnatin Janar Gowon ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF. A 1986, sa'ad da shirin tsuke bakin aljihu ya fara watsa ma'aikata kan titi, Janar Babangida ya kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE. A 2003 aka zo da SMEDAN, wai don ƙananan masana'antu. A nan Kano kuwa, tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta buɗe cibiyoyi fiye da 20: ta kiwon kaji, ta kiwon kifi a Bagauda, ta fim a Tiga, ta wasanni a Karfi, ta kwamfuta a Kura, har da ta koyon tuƙi. Da mulki ya koma hannun Abdullahi Umar Ganduje, da dama daga cikinsu suka tsaya cik, ita kuma sabuwar gwamnatin ta gina tata katafariyar cibiyar, ta sa mata sunan Aliko Ɗangote. A 2023 Abba Kabir Yusuf ya hau, ya ce za a sake buɗe waɗancan. Ba mu zo raba gardamar jar hula da kishiyarta ba. Abin da muke cewa shi ne, makarantar da ranta yake rataye da wuyan gwamna guda, rumfar yaƙin zaɓe ce aka yi wa rufin kwano.

To, mu bar zancen manya, mu gangaro titin Zariya. Duk wanda ya taso daga Gyaɗi-Gyaɗi ya nufi tashar Unguwa Uku, ya leƙa lungunan Tarauni, ya ga makarantar sana'a mafi girma a jihar nan, wadda ba ta da shugaba, ba ta da kaso a kasafin kuɗi. Ga makanikai, ga masu walda, ga kafintoci da teloli, ga masu gyaran adaidaita sahu, ga matasan kasuwar waya ta Farm Centre. Kowane maigida a cikinsu yana da yara a ƙarƙashinsa, yana koya musu aiki shekara da shekaru, yana ba su na abinci, wani ma har aure yake yi musu, kuma ba a taɓa ba shi ko sisin kwabo don wannan hidima ba. Shi ne ainihin mai ƙaramin jarin da ake ta ambata a jawabai, alhali kuwa shi ne wanda cibiyoyin suka fi mantawa da shi.

Me yake bukata? Ai ba a koya wa kifi iyo. Makanikin da ya ƙware a kan Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kunnensa kaɗai ya ishe shi gane ciwon inji. Motar yau kuwa ƙwaƙwalwa gare ta, sai an jona mata na'ura ta faɗi abin da ke damunta, kuma da Turanci take faɗa. In ba a koya masa karanta wannan na'ura ba, sai ya koma lalube, ya canza abin da bai lalace ba, mai mota ya tafi bai dawo ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 ake ta batun mayar da motoci masu amfani da iskar gas da kafa wutar sola, kuma ko wanne a cikinsu ilmi ne sabo, mai haɗari in an yi shi da ka. Ita kuma matar da ke yin yogot ko zoɓo a cikin gida, ta iya sana'arta sarai. Abin da ya tsare mata hanya shi ne rajistar kamfani, da lambar NAFDAC, da littafin shige da fice da zai raba mata uwar kuɗi da riba, wanda in babu shi banki ba ya ko kallonta.

Amma yaya aka saba yi? Sai a tara sunaye ta hannun 'yan siyasar mazaɓa, a kwashi matasan da ba su taɓa riƙe sifana ba, a ba su horon 'yan makonni, a ɗauki hoto, a miƙa musu takardar shaida da keken ɗinki. Wanda ba shi da shago, ba shi da wuta, ba shi da mai saye, ina zai kai keken in ba kasuwa ba? Sa'an nan a juyo a ce matasanmu malalata ne!

Kada wani ya ce mana babu wata hanya. A Jamus yaro yana yin mafi yawan makonsa a wurin maigidansa, ya yi kwana ɗaya ko biyu a makaranta, shaidar da zai samu kuma ƙasa duka ta yarda da ita. Ba ma sai mun haye teku ba: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta sauke girman kai ta shiga kasuwar Panteka, don masu sana'ar can su sami horo da shaidar ƙwarewa a kan abin da hannunsu ya riga ya iya. A nan Farm Centre ma akwai cibiyar renon fasaha ta gwamnatin tarayya, maƙwabciyar masu gyaran waya. Me zai hana dukan cibiyoyinmu su fito daga bayan katanga haka nan?

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano da ta ɗaure kuɗin waɗannan cibiyoyi da doka, yadda sauyin gwamna ba zai rufe su ba, ta kuma ba ƙungiyoyin makanikai da teloli da masu walda kujeru a hukumomin gudanarwarsu. A buɗe azuzuwan dare a Unguwa Uku da Tarauni, bayan sallar isha'i, sa'ad da maigida ya rufe gareji, kuma a koyar da Hausa. Ma'aunin cibiya ya daina zama yawan waɗanda ta yaye. A ƙirga shagunan ɗalibanta da ke buɗe bayan shekara 2, a buga adadin kowa ya gani.

Mu kuma da ke ɗakunan karatu, gobe a teburinmu za a ajiye jerin sunayen nan don mu sa hannu. Kafin ranar ta zo, muna neman ƙungiyar ɗalibai ta tsara yadda masu karatun akanta da na injiniya za su riƙa zuwa garejin Unguwa Uku kowace Asabar, su zauna da masu gida a kan littafin ciniki da na'urar gwajin mota.