Famfon Insulin a Daudawa: A Zauna a Yi Lissafi Tukuna

Duk uban da ke kallon ɗansa yana tsira wa kansa allura sau huɗu a yini, ranar da ya ji labarin famfon insulin sai ransa ya biya. 'Yar na'ura ce da ba ta kai girman wayar hannu ba. Ana maƙala ta a ƙugu, tana ɗiga insulin ta siririn bututu zuwa ƙarƙashin fata dare da rana. Ba na musun amfaninta. A Ingila, tun 2024 hukumar lafiya ta NHS take raba wa yara masu ciwon sukari nau'i na ɗaya irin wadda ke aiki tare da ma'aunin sukari, kyauta. Amma kafin manomin Daudawa ya ɗaga gona ya sayar, a zo a yi lissafi.

Kuɗin na'urar kanta dubban daloli ne. A ce ma dala 4,000, a kan canjin naira 1,500: naira miliyan 6 ke nan. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya shekara bakwai bai ci bai sha ba kafin ya tara su, alhali garantin irin wannan na'ura yawanci shekara huɗu ne.

To, wannan shi ne mai sauƙin, domin sau ɗaya ake biya. Bututun da 'yar allurarsa duk kwana biyu zuwa uku ake cire su a sa sababbi, wato sama da sau 120 a shekara. Ma'aunin da ake mannawa a dantse, irin FreeStyle Libre, kwana 14 yake yi, guda 26 ke nan a shekara. Babu ɗaya da ake ƙerawa a Najeriya, kuma ba kayan da za ka leƙa kemis a Faskari ko Sabuwa ka ce a miƙo maka ba ne. Oda ake yi, da dala, a jira. Wanda ya ga yadda farashin magani ya yi tashin gwauron zabi bayan sakin naira a 2023 ya san abin da hakan ke nufi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na'urar ta tsaya. Famfo insulin mai saurin aiki kaɗai yake bayarwa, babu mai dogon zango a jikin yaron da zai riƙe shi. Bututu ya lanƙwashe, ko gumin watan Afrilu ya ɓamɓare filastar cikin barci, cikin 'yan awoyi sukari ya hau, jini ya fara tsami. Sai amai, sai numfashi sama-sama, sai suma. A ce ƙarfe biyu na dare ne. Wane direba ne zai tada mota zuwa Funtuwa a wannan lokaci, a kan hanyar da ko da rana sai da addu'a? Likitan da ya san saitin famfo kuwa, sai dai a neme shi a manyan asibitocin koyarwa irin na Shika ko na Malam Aminu Kano. A ce a kira shi a waya? Ba mu manta 2021 ba, da aka katse layukan sadarwa a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa saboda 'yan bindiga. Shi ya sa mai famfo ma dole ya ajiye sirinji da insulin na allura a gida, wani kuɗin a kan kuɗi. Ga caji ko batir, ga zafi: insulin da ke cikin famfo manne yake da jiki, in ya sha rana fiye da digiri 37, zubarwa ake yi.

Tun 1922 aka fara ceto rai da insulin a Toronto, amma har yau a ƙauyukanmu abin da ke kashe yaro shi ne kwalba ta ƙare babu kuɗin wata, ko a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ba wanda ya gwada sukarinsa. Da wannan miliyan 6, shekaru nawa za a yi ana sayen insulin da sirinji da tsinken gwajin jini ba yankewa? Ajiya ma da sauƙi: tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, tana rage wa kwalbar da aka fara amfani da ita zafi ba tare da wutar lantarki ba.

Mai hali da ke kusa da likitansa, wanda ya tabbata kaya ba za su yanke masa ba, ya sa wa ɗansa famfo, Allah ya sa albarka. Sauranmu, abin da za mu matsa wa hukumar inshorar lafiya ta Jihar Katsina da ɗan majalisarmu na tarayya a kai shi ne insulin da tsinken gwaji a asibitin Faskari kowane wata, da firij mai sola, da ma'aikacin jinya da zai ɗiga jinin yaro a ma'auni tun ranar da uwarsa ta ce yana yawan fitsari yana ramewa.