Kafin ka danna «Oui», ka san wa kake ba makullin gida

 Yau maganarmu kan wata ƴar tambaya ce da kwamfuta ke yi, wadda yawancinmu ba mu taɓa tsayawa munka karanta ba.

Yaro ya buɗe wasan ƙwallo na PES ko GTA, sai allo ya yi duhu, wani ɗan akwati ya fito da Faransanci yana tambaya ko ka yarda wanga shiri ya yi canji a cikin na'urarka. Ƙasa ga «Oui», ga «Non». Kafin ka ƙifta ido an danna «Oui», wasa ya tashi. Mu a ganinmu, wanga sabo yana da haɗari, kuma ya kamata mu bar shi.

Kamfanin Microsoft ne ya shigo da wagga tambaya tare da Windows Vista a 2007, kuma tana nan har Windows 11. Ma'anarta: shirin yana neman ikon mai gida. In ka ce i, yana iya sa wani shiri a ɓoye, ya goge abin da ya so, ya kashe maganin ƙwayar cuta na kwamfutar. Kamar baƙo ne ya sauka gidanka, ya ce ba shimfiɗa yake so ba, makullin rumbu yake so.

Gaskiya ba kowace tambaya ce ta mugunta ba. Ranar da ake sa wasa a kwamfuta, yawanci yakan nemi izini, don zai rubuta a ɗakin da Windows ke tsarewa. Wasu tsofaffin wasanni ma, da anka ƙera tun zamanin Windows XP, suna ajiye ci gaban ɗan wasa a wurin, shi ya sa suke tambaya kullum. Matsalar ita ce ta ina wasanninmu ke zuwa. Nan babu mai sayen na asali. Daga kile zuwa kile suke yawo, wani ya kwafo a Filinge, wani ya zo da shi daga Yamai ko Najeriya, kuma an riga an fasa su don su tashi ba da biya ba. Wanda ya fasa wasan, ba mu san shi ba, ba mu san mi ya ƙara a ciki ba.

Abin ya taɓa faruwa. A 2021 kamfanin Avast ya bayyana wata cuta mai suna Crackonosh, wadda anka ɓoye cikin fasassun wasanni irin GTA V da PES 2018. Ta shiga kwamfuta fiye da 200,000 a duniya. Tana kashe tsaron na'ura, sannan ta sa ta aikin haƙo kuɗin intanet ga ɓarayin. Mai na'ura sai dai ya ga tana zafi, tana nauyi, batir na ƙarewa da wuri. Mu da ke caji da hasken rana, mun san darajar batir.

Ku duba kuma mi ke cikin kwamfutocin namu. Sau da yawa guda ce a gida: ta malamin makaranta mai sakamakon ɗalibai, ko ta sakataren ƙungiyar manoma mai lissafin hatsi, ko ta ɗalibin da ya zo hutu da aikin shekara guda a ciki. In ta lalace, mai gyara yana Filinge, in abin ya yi tsanani sai Yamai, kilomita wajen 180 gaba, ga kuma yadda hanya take a yanzu.

Matasa za su ce: «To in mun danna Non, wasan ba ya tashi.» Haka ne, kuma ba mu ce a hana yara wasa ba. Abin da muke roƙo uku ne.

Na farko, a karanta sunan mai shirin a cikin akwatin. In ka ga launin rawaya da «Éditeur inconnu», Windows na gaya maka ba ta san shi ba. Kada irin wanga ya shiga na'urar aiki.

Na biyu, mai kwamfuta ya buɗe wa yara nasu asusun na daban, marar ikon mai gida. Duk shirin da ya nemi izini, sai an kira shi ya sa lambar sirri. Minti biyar ya isa a yi shi.

Na uku, ga masu gyara da masu sa wasanni: don Allah ku daina kashe wagga tambaya baki ɗaya wai don kada ta dami mai na'ura. Cire ƙyauren gida ne don ƙararsa ta dame ka.

Kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum, Windows 7 kuwa tun 2020. Tsofaffin na'urorinmu tsaronsu ya ragu, ƴar tambayar nan na cikin abin da ya rage.

Iyaye, ko ba ku jin Faransanci, in kun ga allo ya yi duhu, ku ce wa yaro ya dakata ya karanta muku. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.