Turanci Ba Shi Ne Hankali Ba

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya tsaya a taron British Council a Abuja cikin Nuwamban 2025 ya soke koyarwa da harshen uwa, 'yan bokon Bauchi da dama suke ta yi masa tafi. Wai gara haka, wai Turanci ne ke buɗe wa yaro kai. Wannan magana ƙarya ce, kuma ta daɗe tana cutar 'ya'yanmu.

Hujjar ministan ita ce yara na faɗuwa WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa. To, manufar da ya soke a ƙarshen 2022 aka amince da ita, zamanin tsohon Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ɗan Azare, kuma firamare ta shafa. Wane yaro ne ya shiga firamare a 2022 har ya zauna WAEC a 2025? Ina littattafan lissafi da kimiyya na Hausa da aka raba a makarantun Bauchi? Ina malaman da aka horar? An yanke wa abu hukunci tun ba a gwada shi ba.

Masu nazarin yadda ɗan Adam ke tunani sun daɗe da gano cewa wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abu yayin da take aiki a kansa ƙarami ne ƙwarai. Nelson Cowan ya ƙiyasta a 2001 cewa abubuwa kamar huɗu yake ɗauka a lokaci guda. Kafin shi, a 1988, John Sweller na Ostireliya ya nuna cewa idan wannan wuri ya cika da wani nauyi, koyo ba ya samun gurbi. Kamar faifan mai talla ne, in ka cika shi da duwatsu babu inda za a sa gyaɗa. Ɗan aji uku da aka jefa wa tambayar lissafi da Turanci, ƙarfinsa duk ya ƙare wajen lalubo ma'anar kalmomi, bai ma kai ga lissafin ba. Me zai yi? Sai ya haddace. Daga nan muke samun ɗalibin da zai rattabo maka ma'anar abu kalma da kalma, amma ka juya masa tambayar kaɗan sai ya yi tsuru-tsuru.

A 1985 wasu masu bincike, Carraher da abokan aikinsa, suka gwada yara masu talla a birnin Recife na Brazil. A wajen ciniki sun ci kashi 98 cikin ɗari na lissafin da aka yi musu. Da aka ba su irin lissafin nan a takarda, lambobi tsura, sai suka koma kashi 37. Su da harshensu ma aka tambaye su, mu kuwa mun ɗora wa namu baƙon harshe a kai. Je Kasuwar Wunti ko Muda Lawal ka ga yarinyar da ke ba da canji ba kuskure, ka bi ta aji ka ji ana kiranta daƙiƙiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne makarantun kuɗin da suka cika garin Bauchi. Har yau akwai inda ake rubuta sunan yaron da ya yi "banakula", wato harshen uwa, a ci shi tara ko a zane shi. Iyaye kuma suna murna, suna kiran yaro gaban baƙi ya yi musu Turanci. Ƙirƙira tana son yaro ya yi tambaya, ya yi hasashe, ya kuskure, ya yi gardama, ya sake gwadawa. Wanda ke tsoron buɗe baki don kada a yi masa dariya, yaushe zai kawo sabon abu? Mu muka koya masa shiru, sannan muna kukan bai iya tunani ba.

Za a ce Bauchi harsuna da yawa, ga Fulatanci, ga Sayanci, ga Jaranci. Wannan aikin tsari ne, kuma don shi ake biyan ma'aikatan ilimi albashi. Za a ce Turanci fa? Farfesa Babs Fafunwa ya amsa wannan a Ife tun daga 1970: yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida sun fi takwarorinsu, kuma Turancinsu bai gaza ba.

Wannan rainin harshen uwa tsoho ne, na ɗan bokon da ke auna hankalin mutum da lafazinsa, har ya ɗauki malamin zaure jahili. Bauchi, garin Sa'adu Zungur, bai kamata ya yarda da shi ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancinsa ya burge Turawan kansu, da Hausa ya rubuta Shaihu Umar.

Firamare a hannun jiha da ƙananan hukumomi take. Gwamnan Bauchi da Majalisar Dokokin jiha su hana dukan yara da cin tara a kan harshensu, su sa a rubuta littattafan lissafi da kimiyya na ƙananan azuzuwa da harshen da yaran ke ji, a kuma ɗauki ƙwararrun malamai su koyar da Turanci a matsayin darasi.